HILDEGARD PEPLAU (1909–1999): RAYUWARTA DA TASIRINTA A FAGEN ILMIN JINYA

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti ya san cewa likita yakan zo ne ya duba shi na ɗan lokaci ya wuce, amma nas ita ce take tare da shi safe da yamma da tsakar dare. Ita take ba shi magani, ita take jin nishinsa, kuma sau da yawa ita yake faɗa wa abin da ya ji nauyin faɗa wa likita. Duk da haka, an daɗe ana ɗaukar wannan zama da nas take yi da majinyaci a matsayin hidima kawai, wadda ba ta bukatar kome sai tausayi da ƙarfin jiki da biyayya. Cikin waɗanda suka yi ƙoƙarin kawar da wannan zato, da wuya a sami wanda ya kai wata Ba'amurkiya mai suna Hildegard Peplau, wadda ma'aikatan jinya na ƙasashe da dama suke yi wa laƙabi da uwar jinyar masu taɓin hankali.

Manufar wannan maƙala ita ce a kawo tarihin rayuwar wannan mata, sa'an nan a nuna irin tasirin da ta yi a fagen ilmi. Za a ga yadda ta ɗebo daga ilmin halayyar ɗan Adam ta zuba cikin aikin jinya, har ta mai da zancen da yake gudana tsakanin nas da majinyaci ya zama abin da ake rubutawa, a nazarta, a koyar a jami'a, a kuma yi jarrabawa a kansa. Wannan kuwa abu ne da ya kamata ya ja hankalin ɗaliban harshe, domin kayan aikin da ta fi dogara da shi shi ne magana.

2.0 Haihuwarta da Tasowarta

An haifi Hildegard Peplau ran 1 ga watan Satumba, 1909, a garin Reading na jihar Pennsylvania ta ƙasar Amurka. Iyayenta, Gustav da Otyllie, asalinsu Jamusawa ne waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka neman abin rufin asiri. Gida ne na talakawa mai 'ya'ya shida, kuma ba gida ba ne da ake zancen tura 'ya mace jami'a a cikinsa.

Tana da shekara tara aka yi babbar annobar mura ta 1918, wadda ta hallaka miliyoyin mutane a duniya. Ta ga yadda cutar ta shiga gidajen unguwarsu, ta ga mutanen da zafin zazzaɓi ya gusar musu da hankali, ta kuma ga halin da iyali suke shiga idan mai ciyar da su ya kwanta ko ya mutu. Masu tarihinta suna ganin cewa tun daga wannan lokaci ta fahimci ciwo ba ya tsayawa a jikin mai shi, yakan taɓa tunaninsa da kuma mutanen da suke kewaye da shi.

A wancan zamani hanyoyin da suke buɗe ga 'yar talaka a Amurka ba su da yawa: ko aure, ko aikin masana'anta, ko koyarwa, ko jinya. Makarantar jinya tana da wani sauƙi, domin asibiti ne yake ba ɗaliba wurin kwana da abinci. Ta wannan ƙofa Peplau ta fita daga gidan iyayenta.

3.0 Neman Ilminta

Ta yi karatun jinya a makarantar asibitin Pottstown, a jiharsu ta Pennsylvania, ta kammala a 1931. Ya kamata a san irin makarantun jinya na lokacin, domin a gane abin da ta zo ta yi yaƙi da shi daga baya. Makarantun mallakar asibitoci ne, ɗalibai kuwa su ne ƙarfin aikin asibitin. Yawancin lokacinsu yana tafiya ne wajen gyaran gado da wanke majinyata da share ɗakuna, karatun aji kuwa ɗan kaɗan ne, kuma galibi likitoci ne suke bayar da shi. Abin da aka fi so ga ɗaliba shi ne ta bi umurni ba tare da tambayar dalili ba.

Bayan ta yi aiki a asibitoci a Pennsylvania da birnin Niyok, sai ta sami aikin kula da lafiyar mahalarta wani sansanin hutu na Jami'ar Niyok. A nan aka yaba da aikinta, aka ba da sunanta ga Kwalejin Bennington da take jihar Vermont, aka ɗauke ta ta zama nas ɗin ɗalibai. Wannan shi ne abin da ya sauya rayuwarta. Tana aiki tana kuma karatu a kwalejin, har ta sami digiri na farko a 1943, a fannin ilmin halayyar ɗan Adam da ya shafi dangantakar mutum da mutum. A lokacin ta riga ta haura shekara 30 da haihuwa.

A Bennington ta yi karatu wurin Erich Fromm, masanin halayyar ɗan Adam wanda ya bar Jamus saboda mulkin Hitila. Ta kuma je koyon aiki a Chestnut Lodge, wani asibitin masu taɓin hankali a jihar Maryland, inda ta haɗu da Frieda Fromm-Reichmann da kuma koyarwar Harry Stack Sullivan. Ita Fromm-Reichmann ta yi suna ne wajen zama da masu taɓin hankali mai tsanani, waɗanda sauran likitoci suka fid da rai da su, tana sauraronsu wata da watanni har ta gano ma'ana cikin maganar da kowa ya ɗauka sambatu ce. Shi kuwa Sullivan, wanda ya rasu a 1949, ra'insa shi ne halin mutum yana ginuwa ne cikin hulɗarsa da sauran mutane tun daga ƙuruciya, kuma yawancin rikicin zuciya daga nan yake tasowa. Ya koyar da cewa fargaba tana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kamar yadda jariri yake ɗaukar tashin hankalin uwarsa tun bai san magana ba. Ya kuma ce mai ba da magani ba ɗan kallo ba ne, yana cikin abin da yake dubawa, saboda haka tilas ya riƙa lura da kansa kamar yadda yake lura da majinyaci.

Peplau ta ɗauki wannan koyarwa ta auna ta da aikinta. Idan har dangantaka tana iya jawo ciwo tana kuma iya warkarwa, to, wanda ya fi kowa daɗewa tare da majinyaci shi ya fi kowa damar gyarawa ko ɓatawa. A asibiti kuwa wannan mutum ita ce nas. Sauran rayuwarta ta ƙare ne wajen bin diddigin wannan magana.

4.0 Yaƙin Duniya da Abin da Ya Biyo Baya

Daga 1943 zuwa 1945 ta yi aiki a rundunar ma'aikatan jinya ta sojan Amurka. An tura ta Ingila, asibitin soja mai lamba 312, inda Amurkawa suka kafa makarantar koyar da likitocin soja kula da masu taɓin hankali. A nan ta yi jinyar sojojin da firgicin fagen fama ya karya, ta kuma yi aiki tare da manyan likitocin ƙwaƙwalwa na Ingila da Amurka.

Yaƙin ya buɗe wa hukumomin Amurka ido. Fiye da mutum miliyan ɗaya aka ƙi ɗauka aikin soja saboda larurar ƙwaƙwalwa, wasu da yawa kuma aka sallame su saboda ita. Wannan ya sa a 1946 aka kafa dokar ƙasa ta lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta tanadi kuɗi don bincike da horar da ma'aikata, kuma aka sa ma'aikatan jinya cikin waɗanda za a horar. Daga wannan doka aka kafa Cibiyar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa a 1949.

Halin da asibitocin masu taɓin hankali na gwamnatocin jihohi suke ciki a lokacin abin tausayi ne. A 1955 yawan waɗanda suke tsare a cikinsu ya kai kimanin 559,000. Likitoci kaɗan ne, ɗakuna sun cika maƙil, magungunan da ake da su kuwa sun haɗa da sa wa mutum wutar lantarki a ka, da sumar da shi da allurar insulin, da yi masa fiɗa a ƙwaƙwalwa. Aikin nas a irin wannan wuri ya fi kama da na mai gadi: ta riƙe makullai, ta ƙidaya mutane, ta ƙidaya cokula bayan cin abinci, ta hana faɗa. Mutum yakan shekara goma ko ashirin a ciki ba wanda ya zauna ya tambaye shi abin da yake damunsa.

Da ta komo gida sai ta shiga Kwalejin Malamai ta Jami'ar Kolambiya a Niyok, ta sami digiri na biyu a 1947, da digirin dokta a 1953. Har wa yau ta sami horo a Cibiyar William Alanson White ta Niyok, kan hanyar binciken zuciya ta zance, irin wadda ta samo asali daga Sigmund Freud. A wannan Kwalejin Malamai ne ta fara tsara darussa na gaba da digirin farko ga ma'aikatan jinyar masu taɓin hankali.

5.0 Littafinta da Ra'inta

A 1948 ta kammala rubuta littafin da ya fito da sunanta, mai suna Interpersonal Relations in Nursing, watau dangantakar mutum da mutum a aikin jinya. Amma bai fito ba sai 1952. Dalilin jinkirin shi kansa ya isa ya nuna matsayin nas a wancan lokaci: masu ɗab'i suna ganin bai dace nas ta wallafa littafin ilmi ba tare da sunan wani likita a jikinsa ba. A ƙarshe ya fito da sunanta ita kaɗai. Masana da yawa suna lissafa shi a matsayin littafin farko da ya kawo cikakken ra'i kan jinya tun bayan wanda Florence Nightingale ta wallafa a 1859. Nightingale ta mai da hankali ne ga tsabta da iska da haske da abinci, watau abin da yake kewaye da majinyaci. Peplau kuwa ta mai da hankali ga abin da yake gudana tsakaninsa da mai jinyarsa.

Ta bayyana cewa dangantakar nas da majinyaci tana da mafari da tsakiya da ƙarshe, ta kuma kasa ta mataki huɗu. Na farko shi ne matakin sanin juna, inda baƙi biyu suke haɗuwa, ɗaya yana da bukatar da sau da yawa shi kansa bai gama gane ta ba. Aikin nas a nan shi ne ta taimake shi ya fayyace abin da ya kawo shi, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu shi ne matakin jingina, inda majinyaci yake fara amincewa da wadda ya ga za ta iya taimakonsa. Wani yakan sakar mata kome kamar yaro, wani yakan ƙi taimako sam, wani kuma yakan haɗa hannu da ita, kuma kowanne daga cikin halayen nan yana nuna yadda mutumin ya saba hulɗa da mutane a rayuwarsa. Na uku shi ne matakin cin moriya, inda yake amfani da duk abin da aka tanadar masa gwargwadon bukatarsa. Na huɗu shi ne matakin rabuwa, inda ake kwance dangantakar sannu a hankali domin ya koma ya tsaya da ƙafafunsa. A ganinta, jinyar da ta bar mutum ya kasa rayuwa sai da mai jinyarsa ba ta yi nasara ba. Can a ƙarshen rayuwarta, a 1997, ta haɗe mataki na biyu da na uku ta kira su matakin aiki, suka koma uku.

Bayan haka ta lissafa matsayi shida da nas take hawa a idon majinyaci. Da fari baƙuwa ce, wadda ya wajaba ta karɓe shi da ladabi ba tare da ta yanke masa hukunci ba. Sa'an nan takan zama majiyar bayani, da malama, da jagora, da mai ba da shawara. Akwai kuma matsayin madadi, wanda shi ya fi sauran wuya. Majinyaci yakan ɗauki nas a zuciyarsa tamkar uwarsa ko yayarsa ko matarsa, ya riƙa yi mata fushi ko shagwaɓar da ta dace da waccan. Nas ɗin da ba ta da ilmi sai ta ji haushi ko ta biye masa. Mai ilmi kuwa takan gane abin da yake faruwa, ta taimake shi ya ga bambanci tsakaninta da wadda yake tunawa.

Daɗin daɗawa, ta yi bayani mai zurfi game da fargaba, ta kasa ta hawa huɗu. Ƙaramar fargaba tana kaifafa hankali, mutum ya fi gani ya fi ji, kuma a nan ne koyo yake da sauƙi. Matsakaiciya tana taƙaita abin da mutum yake iya lura da shi, amma idan an ja hankalinsa zai juyo. Mai tsanani takan sa ya maƙale wa ɗan ƙaramin abu guda ya kasa haɗa shi da sauran. Ta ƙarshe ita ce firgici, inda tunani yake watsewa gaba ɗaya. Amfanin wannan rabe-rabe a fili yake. Alal misali, idan za a yi wa mutum fiɗa gobe, kuma fargabarsa ta yi tsanani, dogon bayanin da za a yi masa kan magunguna zuba ruwa ne a rariya. Sai an zauna da shi an sauko da fargabar tukuna, ana yi masa gajerun maganganu, kafin a koya masa wani abu. Har yanzu ana samun wannan rabe-rabe a littattafan koyar da jinyar masu taɓin hankali.

6.0 Hanyar Koyarwarta

A 1954 ta koma Jami'ar Rutgers ta jihar New Jersey, ta zauna a can har ta yi ritaya a 1974. A nan ta kafa shirin digiri na biyu na farko wanda aka keɓe don fitar da ƙwararrun ma'aikatan jinyar masu taɓin hankali, waɗanda za su iya zama da majinyaci su yi masa magani ta hanyar zance. Wannan shiri ne ya zama abin koyi ga jami'o'i da yawa, kuma daga irinsa ne matsayin ƙwararriyar nas ya bazu zuwa sauran fannonin jinya.

Hanyar da take bi wajen koyarwa ita ce zuciyar aikinta. Takan tura ɗaliba ta zauna da majinyaci guda a kan wani lokaci ƙayyadadde, a kai a kai. Ɗalibar za ta rubuta duk abin da aka faɗa kalma bayan kalma, nata da nasa, har da shirun da aka yi da abin da ta ji a ranta. Sa'an nan a kawo rubutun aji a bi shi layi layi. Abin da ɗalibai suka fi jin zafinsa shi ne, maganarsu ake fara tuhuma kafin ta majinyaci. Za a nuna wa ɗaliba inda mutum ya fara zancen mutuwar ɗansa ita kuwa ta kawar da zancen zuwa ga abinci, a tambaye ta wa ta kāre da wannan kawarwa, shi ko kanta. Za a nuna mata inda ta yi masa alkawarin cewa kome zai yi daidai alhali ba ta da tabbacin haka, da inda ta yi tambayar da ba ta da amsa sai i ko a'a, ta rufe masa ƙofar bayani.

Peplau ta bambanta hira irin ta zumunci da zance irin na magani. A hirar zumunci kowa yana kawo nasa labari, ana neman jin daɗin juna. A zancen magani kuwa lokacin na majinyaci ne, bai kamata nas ta cika shi da labarin kanta ba. Ta kuma lura da alaƙar harshe da tunani. Mai taɓin hankali sau da yawa yakan yi magana a dunƙule, ya ce suna binsa ko sun hana shi, ba tare da ya ambaci ko su wane ne ba. Ta koya wa ɗalibanta kada su yi kamar sun gane, su tambaye shi sunan wanda yake nufi, da wurin da abin ya faru, da lokacin, da abin da ya gabace shi. Haka kuma su riƙa jawo shi ya yi amfani da lamirin mai magana idan kansa yake nufi. Hujjarta ita ce, idan aka daɗe ana taimakon mutum ya daidaita maganarsa, sannu a hankali tunaninsa ma yakan bi sahu.

Daga irin waɗannan rubuce-rubuce na ɗalibai da nata, ta riƙa fitar da bayanin al'amura kamar fargaba da kaɗaici da jin muryoyin da babu su, tana jera matakan da kowanne yake bi kafin ya bayyana. Game da fargaba, alal misali, ta nuna cewa mutum yakan kasance da wani tsammani, tsammanin ya ƙi cika, ya ji ƙunci, sa'an nan ya yi wani abu don ya sami sauƙi, ko faɗa, ko janyewa daga mutane, ko kukan ciwon jiki. Wanda ya san wannan jeri zai san inda zai sa hannu. Ta haka ta nuna cewa ilmin jinya yana iya fitowa daga bakin gadon majinyaci, ba lalle sai an aro shi daga likitoci ba. A 1955 ta wallafa wata maƙala kan kaɗaici, a 1964 kuma ta fitar da ɗan littafi kan ƙa'idodin ba majinyaci shawara.

Ba ta tsaya a jami'a kaɗai ba. A shekarun 1950 da 1960 takan yi amfani da hutun bazara ta zaga jihohin Amurka tana shirya bita ga ma'aikatan jinya, galibi a cikin asibitocin gwamnati na masu taɓin hankali, inda aikin ya fi muni. Ta wannan hanya koyarwarta ta kai ga ɗimbin ma'aikatan da ba su taɓa shiga jami'a ba.

7.0 Shugabanci da Tasiri da Suka

A 1969 aka naɗa ta babbar daraktar Ƙungiyar Ma'aikatan Jinya ta Amurka, a lokacin da ƙungiyar take cikin matsin kuɗi, sa'an nan aka zaɓe ta shugabar ƙungiyar daga 1970 zuwa 1972. Ta yi zango biyu a hukumar gudanarwa ta Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya. Ta zama mai ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara, ta kuma koyar a jami'o'in ƙasashen waje. Bayan ritayarta ta je Jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam a 1975 da 1976, ta taimaka wajen kafa karatun jinya na gaba da digirin farko. Tana kuma cikin kwamitin da ya rubuta takardar manufa ta ƙungiyarsu a 1980, wadda ta bayyana jinya da cewa aiki ne na ganowa da magance yadda ɗan Adam yake karɓar larurar lafiya. Ma'anar wannan ita ce likita yana fuskantar cutar, nas kuwa tana fuskantar mutumin da cutar ta kama, kuma kowannensu yana da ilminsa.

Duk wannan bai zo da sauƙi ba. Likitocin ƙwaƙwalwa da dama sun ƙi yarda nas ta yi magani ta hanyar zance, suna ganin shiga gonarsu ce. Cikin ma'aikatan jinya ma akwai waɗanda suka ga ta cika tsanani. Sa'an nan zamani ya juya. A 1954 aka fara sayar da maganin Thorazine a Amurka, wanda yake kwantar da taɓin hankali mai tsanani, wasu magungunan kuma suka biyo baya. Dokar 1963 ta buɗe hanyar mai da jinyar masu taɓin hankali cikin gari, manyan asibitoci suka riƙa raguwa. Zuwa shekarun 1980 da 1990 hankalin masana ya karkata ga sinadaran ƙwaƙwalwa, kwanakin da majinyaci yake yi a asibiti kuma suka taƙaita ƙwarai.

Daga nan masu suka suka sami abin faɗa, kuma wasu maganganunsu suna da nauyi. Sun ce ra'inta yana bukatar lokaci mai tsawo, alhali nas guda tana iya kasancewa da majinyata masu yawa a wuyanta. Sun ce bai faye amfani ga wanda ya suma ko jariri ba, tun da ya dogara ga zance. Sun kuma ce ta fi mai da hankali ga mutum biyu, ba ta ba dangi da al'ada isasshen wuri ba, wanda kuwa babban gibi ne a al'ummar da iyali gaba ɗaya suke jinyar nasu.

Amma masu bincike na baya sun gwada ra'in a aikace. A ƙasar Kanada, Cheryl Forchuk ta nazarci matakin sanin juna tsakanin ma'aikatan jinya da masu daɗaɗɗen taɓin hankali, ta nuna cewa zaton da kowannensu ya zo da shi game da ɗan'uwansa yana da tasiri ga yadda dangantakar take tafiya. Daga wannan aka gina wani tsari na sallama, inda ma'aikacin asibiti ba ya sakin majinyaci sai ya ƙulla dangantaka da wanda zai karɓe shi a gari. A Ingila kuma, tsarin jinyar da Phil Barker ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1990, wanda ya ginu kan sauraron labarin majinyaci daga bakinsa, ya ɗebo da yawa daga koyarwarta. Shi kansa littafin nata na 1952 an sake buga shi a 1988 da 1991, an kuma fassara shi cikin harsuna da dama.

8.0 Ƙarshen Rayuwarta

Peplau ta haifi 'ya ɗaya a 1945, Letitia Anne Peplau, ta kuma rene ta tana fama da karatu da aiki. 'Yar ta zama farfesar ilmin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Kalifoniya da take Los Angeles, kuma tana cikin waɗanda suka ƙago ma'aunin kaɗaici a 1978, wanda masu bincike suka yi ta amfani da shi. Watau batun da uwa ta yi rubutu a kansa a 1955, shi 'ya ta ɗauka ta faɗaɗa.

A 1997 Majalisar Ma'aikatan Jinya ta Duniya ta ba ta lambar Christiane Reimann, wadda ita ce mafi girma da majalisar take bayarwa. A 1998 ƙungiyarsu ta Amurka ta sa sunanta cikin jerin gwarzayenta. Ta rasu ran 17 ga watan Maris, 1999, a gidanta da yake Sherman Oaks a jihar Kalifoniya, tana da shekara 89. An adana takardunta a ɗakin karatu na Schlesinger a Jami'ar Harvard. A 2002 aka wallafa cikakken tarihin rayuwarta, wanda Barbara Callaway ta Jami'ar Rutgers ta rubuta. Wannan suna ba baƙo ba ne ga masu nazarin Hausa, domin ita ce ta yi bincike a Kano ta wallafa littafi kan matan Hausawa Musulmi a 1987.

9.0 Kammalawa

A wannan maƙala an ga yadda 'yar baƙin haure daga garin Reading ta shiga aikin jinya a lokacin da ake ɗaukarsa aikin hannu da biyayya, ta kuma bar shi yana da ra'i da hanyar bincike da matsayi a jami'a. An ga cewa ta ɗauki koyarwar Sullivan da abokansa ta daidaita ta da aikin nas, ta fitar da matakan dangantaka, da matsayin da nas take hawa, da hawa-hawar fargaba. An kuma ga cewa babbar hujjarta ita ce rubutaccen zance, wanda kowa yake iya dubawa ya yarda ko ya yi gardama.

Magungunan da suka zo bayanta sun sauƙaƙa wahalar mutane da yawa, amma ba su kawar da tambayar da ta tayar ba. Har yanzu sai wani ya zauna da majinyaci ya ji abin da yake tsoro, ya gane dalilin da ya sa ya daina shan maganin, ya kuma san lokacin da ya kamata ya yi shiru. Peplau ta tabbatar da cewa wannan aiki koyonsa ake yi, kuma wanda bai koya ba yana iya yin ɓarna da bakinsa ko da niyyarsa kyakkyawa ce.